Yayen Jibir

A shekarun nan da aka gama ƙidayar mutane, lokacin da jirgin ƙasa ke tsayawa Kafanchan ya sha ruwa ya ɗebi kwal, akwai wata Bafulatana mai tallar nono, sunanta Safara'u. Rugarsu, in ma za a kira ta ruga, tana kan hanyar Fadan Kagoma, a gefen gonar wani manomi da ake kira Andrawus. Kada ku fara zargin Andrawus, ba mugu ba ne. Iyaye ne suka ƙulla zaman, shanu na yi wa gona taki, mai gona na ba da wurin kwana, har tsofaffin suka koma ga Allah ba a ji kansu ba. Sai dai Allah ya ba Andrawus 'ya'ya maza, suka girma, kowanne ya yi aure, kowanne yana neman inda zai binne citta. Bana a yanki nan, baɗi a yanki can. Burtalin da shanu ke bi zuwa rafi ma ya koma gona. 'Yan'uwan Yuguda, mijin Safara'u, suka kaɗa dabbobinsu suka yi gabas. Iyayenta su ma suka bi. Yuguda ya rage da 'yan shanun da ba su isa a yi ƙaura da su ba.

A al'adarsu, mace in ta haihu gidan iyayenta take komawa, ta zauna can har yaro ya yi ƙafa ya yi baki, a yaye shi, sannan ta dawo ɗakin miji. Haka Safara'u ta yi a haihuwar fari, shi ya sa tsakanin 'yarta Sa'adiya da ɗanta Jibir akwai rata mai kyau. Amma da aka haifi Jibir iyayen sun riga sun tashi, ba a ma san takamaiman inda suka yada zango ba. Sai ta tare a bukkar surukarta, Nene. Damina ta zo ta kwantar da bukkar. Inda za a kafa wata, citta ta riga ta tsiro. Nene ta ɗauki Sa'adiya ta tafi wurin 'yarta a Samaru Kataf, aka bar miji da mata da jariri a ɗaki ɗaya. To, sauran ba sai na faɗa ba, ku manya ne.

Cikin masu sayen nononta akwai Malama Edna, ungozoma a wani ƙaramin asibitin mishan da ke bakin gari. 'Yar Fadan Kagoma ce, gajera, mai faɗin murya, ga keke. Ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"'Yar Fulani, yau rafin wane gari kika juye a ƙwaryar nan?"

"Malama, ke da ba ki san nono ba sai da muka zo? In ruwa ne ma ai ya fi abin da kakanki ke sha."

Su yi dariya, Edna ta karɓi Jibir daga baya ta juya shi, ta duba ido, ta duba harshe, ta mayar.

Edna tana da abu ɗaya a rai. Uwarta ta yi ta haihuwa kusan kowace damina, fiye da rabi suka koma, ita kanta uwar ta tafi wurin haihuwar auta. Saboda haka ta ɗauki maganar nan kamar wa'azi. Kowace Alhamis, ranar awon yara, takan tara mata a gindin mangwaron asibiti ta yi musu bayani. Ta sha roƙon Safara'u ta zo, ita kuwa tana zillewa, don ba ta son taro. Wata Alhamis dai nono ya ƙare da wuri, Safara'u ta ce bari ta leƙa, ta zauna can baya ta sauke ƙwarya. A lokacin wata biyu ke nan ba ta ga al'adarta ba. Ta sani, ba ta gaya wa kowa ba.

"Ku gaya mini," in ji Edna, tana tsaye kusa da teburin ma'auni, "gonar kakanku ta ƙara faɗi tun da ya mutu?"

"Ina fa!" mata suka amsa.

"Bakin da ke ci fa?"

"Wannan kam kullum sai Allah ya ƙaro."

"To, dawa ma in ta fito da yawa a rami ɗaya, me kuke yi? Kuna bari ta shaƙe juna? Ban ce kada ku haihu ba. Na ce ku bar na baya ya sauka da ƙafarsa kafin wani ya shigo."

Wata matar ma'aikacin reluwe ta ce, "Malama, mu kike tarawa? Mazan za ki tara. Je ki loko, wurin gyaran jirgi, ki gaya wa maigidana baban Lusi, in kin dawo da haƙoranki mu gani."

Wuri ya kaure da shewa. Edna ta jira suka lafa, sannan ta koya musu waƙar da ta shirya a kan kwanika, wato mace ta yi ciki tana goyo.

"Mai kwanika, mai kwanika,
Ɗaya a baya, ɗaya a ciki,
Tukunya ɗaya, baki goma,
Wa zai ƙoshi a gidan nan?"

Mata suka kama da tafi. Safara'u ta laluba ƙwaryarta za ta sulale, idon Edna ya faɗa kanta.

"Yauwa! Ga wadda nake nema. Taho, ƙawata, taho nan gaba."

Kafin ta ce uffan an kwance goyon. Edna ta tsayar da Jibir a kan tebur tsirara, ta ɗaga shi sama ta juya shi kowa ya gani.

"Ku duba kumatu! Ku duba cinya! Wannan bai san allura ba, bai san kwanciya asibiti ba. Uwarsa ba ta yi boko ba, amma ta san abin da ku ba ku sani ba. Yayarsa ta yi wayo kafin a same shi, shi ma sai ya yi wayo kafin a yi masa ƙane. Ko ba haka ba, Safara'u?"

Me za ta ce? Bafulatana ko sunan ɗanta a cikin taro nauyi yake yi mata, balle maganar abin da ke tsakaninta da miji. Ta ja mayafi ta rufe baki. Mata suka ɗauka kunyar yabo ce, suka yi mata guɗa. Yaron kuwa sai dariya yake, yana kama wuyan rigar Edna.

Ba a yi wata guda ba Jibir ya fara zawo. Labari ya kai Samaru Kataf, Nene ta zo a ƙafa, ita kaɗai. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta dubi surukarta, ta dubi wuyanta, ta dubi yadda take tashi daga zaune.

"Yarinya, matsa min nonon a ganye."

Safara'u ta juya baya ta matsa. Tsohuwar ta duba, ta shinshina, ta yar da ganyen.

"Tun yaushe?"

Safara'u ta sunkuyar da kai.

"Guba kike ba shi, kin sani? Nonon nan ba nasa ba ne yanzu, na wanda ke ciki ne." Ta ɗauki yaron ta tofa masa addu'a a ka. "Kuma na ji a hanya an ce an ɗaga shi a gaban matan gari ana yabo, ko tubarkalla babu. Ke ina kike? Baki da kwanika, biyu a kan yaro ɗaya. Wurin nan kada ƙafarsa ta sake takawa."

A ranar aka yi yayen. Nene ta jiƙa ɓawon maɗaci ta shafa a kan nonon uwar. Jibir ya rarrafo ya kama kamar kullum, ya saki, ya dubi fuskarta. Ya sake kamawa. Karo na uku bai yi kuka ba tukuna, ya dai zauna yana kallonta, baki a buɗe, yawu na zuba. Safara'u ta tashi ta ɗauki tulu ta nufi rafi, alhali randa cike take.

Za ku ce ai gidan shanu ne, me zai hana yaro madara? Saniyar da ake tatsa ɗaya ce, ga rani ya shigo, ga babu wurin kiwo. Abin da ake samu ko ƙaramar ƙwarya ba ya cikawa, shi ma sai an ƙara da ruwa da garin kuka kafin ya isa talla, kuma da shi ake auno dawar da gida zai ci. Rabon Jibir shi ne kunu tsararo da ɗan abin da aka ɗauraye daga ƙwarya. Yakan kurɓa sau biyu ya kau da kai.

Safara'u ta sauya hanya. Ta daina bi ta layin asibiti da gidajen ma'aikatan reluwe, ta koma tashar mota, inda ba a san ta sosai ba. Ta riƙa barin yaron wurin Nene, tana ɗaure zane a sama. Amma waƙa ba ta da shinge. 'Yan mata na daka suna yin ta, yara na tallar gyaɗa suna yin ta, har an ƙara mata wani baiti.

"Ku je ku ga ɗan Safara'u,
Kumatu kamar curin man shanu,
Uwarsa ta iya jira."

Wata rana a kasuwa wata mata da ba ta sani ba ta riƙe mata hannu, ta ce, "Ke ce Safara'un? Mijina ya gaji da ke, kullum da sunanki nake korarsa. Ina yaron namu?"

"Yana wurin kakarsa."

"A gaishe shi. Allah ya raya."

Da ta dawo gida ta tarar da ɗan da ake waƙa a zaune jikin turmi. Gashinsa ya yi ja ya kwanta, ƙafafu sun kumbura, in an danna yatsa sai ramin ya tsaya. Ya daina rarrafe. Ya daina ma nemanta, kuma wannan ya fi komai ci mata rai.

Yuguda mutum ne mai shiru, tun da abin ya bayyana kuwa sai ya ƙara. Da asuba ya fita da shanu, ba ya dawowa sai ya tabbata uwarsa ta shiga ɗaki. Wata safiya dai ya tsaya yana gyara igiyar maraƙi wadda ba abin da ya same ta, bai dubi matarsa ba ya ce, "Da kin kai shi wurin ƙawar nan taki."

"Da wane ido?"

"Ido..." Ya ja igiyar. "Laifin ai nawa ne."

"Kai ba a sa sunanka a waƙa ba."

Ya kora shanu.

Duk da haka ta gwada. Alhamis ɗin da ta biyo baya ta ce wa Nene za ta kai yaron a yi masa rubutu wurin wani malami a gari. Ta goya shi, ta lulluɓe da mayafi har kai, ta kama hanya. Da ta iso bayan shingen asibiti sai ta ji tafi. Ta leƙa ta tsakanin itatuwan. Wata yarinya ce ta zo awo, ciki a gaba, goyo a baya, mata sun sa ta tsakiya suna yi mata waƙar. Edna tana cewa, "Ya isa, ya isa, ku bar ta," amma ita ma da murmushi a bakinta. Yarinyar tana dariyar dole, hawaye na gangarowa. Wata ta ce, "Je ki ruga Safara'u ta koya miki!"

Safara'u ta daɗe a tsaye. Tana jin numfashin yaron a tsakiyar bayanta, da zafi-zafi. Ƙofar ba nisa, ko tsakuwa ta jefa za ta kai. Ta ce a ranta bari taron ya watse. Taron bai watse ba sai ga matar nan ta reluwe ta nufo shingen za ta kama ruwa. Safara'u ta juya da sauri ta bi ta cikin rogo, ba ta tsaya ba sai ruga.

Nene ta yi iyakar abin da ta sani, kada a ɗauki alhakinta. Ta dafa saiwoyi, ta yi turare, ta ɗaura laya, ta sayar da munduwarta ta sa aka yi sauka. Ita ke tauna dawa ta ba shi a baki. Tana son yaron nan kamar ranta.

Ruwan fari ya sauka, sai ga ƙarar kararrawar keke da hantsi. Safara'u na bakin ɗaki tana wanke ƙwarya. Ta miƙe, ta tuna cikin, ta sake zama ta ja ƙwaryar kan cinya.

"'Yar Fulani, kin yi arziki kin manta da talakawa!" Edna ta jingine keken tana haki. "Na neme ki kasuwa, na neme ki tasha. Sannu, Mama," ta rusuna wa Nene. Tsohuwar ta amsa da ka kawai.

Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi ruwa. Sannan Edna ta faɗi abin da ya kawo ta. Wasu manya za su zo daga Kaduna su ga aikin da take yi, da mai ɗaukar hoto. Za a buga hoton yaro mai lafiya a manna a asibitoci da kasuwanni har Kachia. "Na ce musu ina da yaron. Ina angon nawa?"

"Ya yi barci."

"Tashe shi mana, ni ce fa."

"Ba ya nan," in ji Nene. "Yana Samaru."

Edna ta dubi wannan, ta dubi waccan. Daga cikin ɗaki wani ɗan sauti ya fito, ba kuka ba, kamar ɗan akuya da aka haifa bai kai ba. Wadda ta yi shekaru tana aikin yara ba ta bukatar a fassara mata wannan. Ta tashi ta sunkuya ta shiga, Nene na cewa "Ke! Ke!" ba ta ko waiwaya ba.

Ta jima a ciki. Da ta fito da shi a hannu, fuskarta ta sauya. Ta dubi Safara'u, wadda ta miƙe yanzu, ƙwarya ta faɗi, ciki ya fito fili.

"Yesu," ta ce a hankali. "Tun yaushe aka cire shi a nono?"

"Tun kaka."

"Wa ya ce a cire? Nonon mai ciki ba ya kashe yaro, Mama, yunwa ce ke kashewa! Da an bar shi yana sha, ana ƙara masa da ƙwai da wake..."

"Kafin ki ɗaga shi sama lafiyarsa ƙalau," in ji Nene. "Bakinku ne."

 Edna ta juya ga ƙawarta. "Ke kuma? Kin san ƙofata. Ko tsakar dare, ko ina coci, kin san zan fito. Me ya hana ki?"

Safara'u ta dubi ƙasa. "Na zo."

"Yaushe?"

"Kuna waƙa."

 Edna ta gyara kan yaron a hannunta. Can ta ce, "A ranar da na tsayar da shi a tebur, kina da cikin?"

Safara'u ta gyaɗa kai.

"Me ya sa ba ki ce mini..." Ba ta ƙarasa ba. Wataƙila ta tuna yawan matan da ke wurin. Ta share fuska da bayan hannu. "To. Ɗauko zane. Yanzu za mu tafi, ba gobe ba. Akwai madarar gari, akwai allura, na ga waɗanda suka fi wannan sun tashi. Ta ƙofar baya za mu shiga, ba mai ganinki."

Nene ta tsaya a hanya. Safara'u, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukarta ba, ta ce, "Nene, ki yi haƙuri." Ta karɓi ɗanta ta goya. Tsohuwar ta matsa gefe, ta shiga ɗaki ta fito da 'yar hularsa ta sa masa.

Keken ba zai ɗauki mai ciki da goyo a wannan taɓo ba, sai Edna ta riƙa tura shi suna tafiya a ƙasa. Suka ratsa gonakin citta, 'ya'yan Andrawus na shimfiɗa ganye a kan shuka, suka ɗaga hannu suka gaishe su. Edna sai magana take, kamar in ta yi shiru wani abu zai faru. Za a fara da cokali-cokali. Za ta ba su ɗakinta su kwana. Za ta yi wa Andrawus magana a coci ya bar musu wurin bukka ɗaya, ai ba zai ƙi ta ba. Waƙar kuwa za ta hana, daga wannan Alhamis ɗin ba mai sake yin ta.

Safara'u na biye tana cewa "To." Rana ta ɗaga. Sun wuce rafi, sun hau tudu, har rufin kwanon tashar jirgi ya fara ƙyalli daga nesa. A nan ne ta ji goyon ya yi wani irin nauyi, kan ya zame gefe ya kwanta a kafaɗarta. Ta ɗan girgiza baya yadda ake yi wa yaro. Ta kai hannu ta riƙe 'yar ƙafar da ta kumbura. Ta ci gaba da tafiya tana riƙe da ita, har suka wuce wata bishiyar ɗorawa, suka wuce wata.

"In ya fara karɓar madarar," Edna ke cewa, "sati biyu za ki ga..."

"Malama."

Edna ta tsaya ta waiwayo.

Safara'u ta ja mayafinta ta rufe kan yaron da kyau, ta soke bakin mayafin a ƙugu. Idonta a bushe yake.

"Mu koma," ta ce. "Babansa bai yi nisa da shanu ba."